Barkar Suna da Na Mayar a Kuala Lumpur

Ku jikokina, na san abin da ake faɗa muku. Na ji shi da kunnena a wani biki, daga bakin wata da ba ta san ina zaune bayanta ba, wai ni ce na hana babanku zama ɗan majalisa, wai tsohuwa ta je ƙasar mutane ta zubar wa ɗanta da arziki. Ban tanka ba, don ba halina ba ne tankawa cikin taro. Amma tunda Allah ya sa na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, hannuna yana iya jan biro ko da a hankali ne, zan rubuta muku yadda abin ya kasance. In kun karanta, sai ku yanke naku hukuncin.

Shekarar da aka haifi ɗan'uwanku Abba ce. Babanku, wanda suke kira Dakta, yana koyarwa a wata jami'a a Kuala Lumpur, kuna zaune a unguwar Danau Kota, can saman wani dogon bene da in na leƙa ta taga sai jiri ya ɗebe ni. Kakarku ta wajen uwa ba ta da lafiya, shi ya sa ni aka aiko wa tikiti in zo in kula da mamanku, Maryam, a wankan jego. Na taho da kanwa da gero da daddawa a ƙasan akwati. Abin da na rasa shi ne ganyen darbejiya, sai maƙwabciyarmu Maman Joy, 'yar Filato, ta kai ni Sentul wajen Indiyawa masu sayar da furanni, muka same shi ɗauri-ɗauri kamar a kasuwar garinmu. Daga nan muka ƙulla. Mijinta, Barista Dauda, lauya ne da ya zo ƙarin karatu, mutum mai yawan shiru.

Tun kafin haihuwar na lura duk Asabar bayan la'asar maza suna cika falo. Su ja kujeru, su baza wayoyi a kan tebur, ana ambaton sunayen ƙauyukanmu ɗaya bayan ɗaya. In sun gaji su sauka ƙasa wajen mamak, wato shagon Indiyawa Musulmi mai shayi da gurasa, su ci gaba a can. Rannan na tambayi babanku ko takara zai tsaya.

"A'a Inna, ban tsaya ba. Kwamitin tuntuɓa ne kawai. Muna jin ta bakin jama'a, mu ga ko akwai alamar karɓuwa."

"To in ba ka tsaya ba, hotonka da na gani a wayar Maryam da babbar riga fa?"

"Shi ma na tuntuɓa ne."

Na ce to, Allah ya sa a tuntuɓi alheri. Ban ƙi abin ba, ku sani. Na san rijiyoyin garinmu da asibitin da ba likita, na kuma san ɗan da na haifa. Da ya samu kujerar, ina zaton da ya yi wa mutane wani abu.

Cikin masu zuwa akwai wani Alhaji Lawandi, ɗan kasuwa mai loda kujeru da kayan gini a kwantena zuwa gida. Shi ba malami ba, ba ɗalibi ba, ba kuma ɗan ƙaramar hukumarmu ba ne, da bakinsa ya ce ko sau ɗaya bai taɓa taka garinmu ba. Amma duk zuwa sai ya leƙo ɗakina da dabino da turare, ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo, irin wadda take sa ka fara tunanin me ake nema. Hajiya Babba yake ce mini. Wata rana ana cikin hira ya ce:

"Hajiya Babba, dutsen nan na bayan garinku, har yanzu yara suna tsintar baƙin yashi mai nauyi a rafinsa?"

Na ce ban sani ba, na daɗe ban je rafi ba. A raina na ce wanda bai san hanyar gari ba, ina ya san yashin rafinsa? Wani zuwan kuma ya tambaye ni ko ina da asusun banki a gida, da sunana ni kaɗai. Na ce akwai wanda ake sa mini ɗan fanshon marigayi. Ya ce madalla, madalla, ya daɗe yana gyaɗa kai. A kwanakin nan ne kuma Barista Dauda, wanda da shi ne mai rubuta abin da aka tattauna, ya daina zuwa. Na tambayi matarsa, ta kau da kai ta ce karatu ne ya yi masa yawa lah, Mama. Haka suke ƙarasa magana a can, da lah. Amma ina ganinsa da yamma yana shanya kaya a baranda, ba littafi a hannunsa.

Aka yi suna a zauren taro na ƙasan benen. An yanka rago, an yi waina da miyar taushe, matan 'yan Najeriya sun zo daga Wangsa Maju da Sentul da ko'ina, yara suna ta guje-guje suna Turanci da Malayanci, ka yi musu Hausa su ce maka boleh, wato to. Sai in tsaya in gaya muku yadda barka take, don ku tashin waje ne. Mace in ta kawo miki barka, a fili take kawowa, turmin atamfa ne ko sabulu ko 'yan kuɗi, ta sa miki a hannu, ki gani, ki riƙe a ranki. Ranar da nata ya zo, ki mayar mata da abin da ya fi. Saboda haka mace mai hankali ba ta kawo abin da ya fi ƙarfinta, ba ta kuma kawo abin da zai gagare ki mayarwa. Sannan mai jego ake ba barka. Kaka in ta samu goro da ɗan kwali, ta gode.

Ran nan abin ya juye. Matan suna ba Maryam 'yan rigunan jariri da sabulu kamar yadda aka saba, sannan su zagayo wajena, kowace ta zaro koriyar ambulan daga jaka, irin wadda mutanen ƙasar suke ba yara kuɗin Sallah a ciki, ta tura mini cikin hannu ta ce na Kaka ne, ta wuce da sauri ba ta dube ni ba. Duk iri ɗaya, duk an liƙe bakinsu. Kuma waɗanda suka kawo matan ɗalibai ne, waɗanda kullum kukansu gwamnati ba ta turo kuɗin karatu ba. Har da wata yarinya Zulai, wadda da idona na gan ta a kasuwar unguwa ta ɗauki kifi, ta ji kuɗinsa, ta mayar. Da muka hau sama na buɗe ɗaya. Sababbin takardu ne manya, ko lanƙwasa babu. Ban ƙirga ba. Na liƙe ta da 'yar dafaffiyar shinkafa, na haɗa su duka na ɗaure a ɗan kwali, na tura ƙasan akwati inda kanwa take. Maryam tana kallona daga kan gado, tana shayar da Abba.

Ba a jima ba Alhaji Lawandi ya zo ban gajiya, babanku yana zaune gefe.

"Hajiya Babba, na ji mata sun yi miki kara. Haka ake so. To shawara ce, in kin tashi komawa sai ki tafi da abinki, ko in sa yarana su canza miki ya shiga asusunki. In ya kwana biyu, sai ki ba kwamiti gudummawa. Uwa ta taimaki ɗanta, wace doka ce ta hana?"

Na dubi babanku. Yana ta shafa gilashin wayarsa da babban yatsa, wayar kuma a kashe take.

"Alhaji, kai ka san abin da ke cikin ambulan ɗin ne?"

Ya yi dariya. "Ina ni ina sanin sirrin mata?"

Na ce to, Allah ya kai mu lokacin. Ban iya musu da namiji a gaban ɗana ba, ban kuma taɓa iyawa ba.

Washegari na ce wa Maman Joy ta raka ni ban gajiya gidajen matan. Muka hau jirgin ƙasan nan nasu mai tafiya a kan gada ba direba, muka sauka Wangsa Maju. Zulai na fara nema. Gida ɗaya suke da wasu iyalin, labule ne ya raba falon biyu. Ta rasa inda za ta ajiye ni, ta kawo ruwa a kofin roba. Bayan gaisuwa na ce:

"'Yata, kin yi nauyin hannu. Ga ki da ciki, ranar naki sunan me zan kawo miki da zai fi wannan?"

"Haba Mama, ba komai, ɗan kaɗan ne."

"Kaɗan ne? Nawa kika sa, don in riƙe a raina?"

Ta dubi Maman Joy, ta dubi labule. Mace ba ta manta abin da ta kai barka ko bayan shekara ashirin, balle na shekaranjiya. Sai ta matso ta rage murya, ta ce ita ba ta ga cikinta ba. Mijinta ne ya kawo a liƙe, ya ce Alhaji ya ce a ba Kaka hannu da hannu, in wani ya tambaya a ce nasu ne. Ta ce watan nan Alhaji ne ya biya musu haya, da yanzu kayansu suna waje. Ta riƙe mini hannu ta ce don Allah kada in ce ita ta faɗa. Ban faɗa ba sai yau, kuma ba sunanta na gaskiya na rubuta ba.

Da muka dawo na tarar da Barista Dauda a baranda. Na ce ɗana, ba karatu ne ya hana ka zuwa ba, gaya mini da Hausar da zan gane. Ya dubi hadarin da ke haɗuwa, kamar kullum bayan azahar a garin, sannan ya jawo mini kujera.

"Mama, a dokarmu akwai iyakar abin da mutum ɗaya zai ba ɗan takara, don kada mutum ɗaya ya saye shi. Kuɗin da aka aiko daga ƙasar waje, jam'iyya ba ta da ikon riƙe shi. Wanda ba a san mai shi ba, shi ma ba a yarda a karɓa ba. To amma mai tuntuɓa bai zama ɗan takara ba tukuna, doka ba ta fayyace komai a kansa ba. Shi ya sa masu wayo suke son wannan lokacin, kafin a fara sa ido."

"To ashe babu laifi ke nan."

"Yau wataƙila ba mai tambaya. Amma ranar da Dakta ya sayi takardar takara, da wannan kuɗin zai saya. In abokin hamayya ya tono, sunan wa za a gani? Ba na Alhaji ba. Za a ga tsohuwa mai fansho da kuɗi mai yawa ya faɗo asusunta daga waje, ya fita zuwa ɗanta. Ke za a kira ki yi bayani. In kuma a jaka kika ɗauka, tun a filin jirgi za a fara tambayarki. Na gaya wa Dakta a rubuta sunan duk wanda ya bayar da abin da ya bayar, tun yanzu, kamar an riga an fara takara. Ya yarda. Alhaji ya ce ba sai an rubuta ba. Aka bi na Alhaji, ni kuma na ɗauke ƙafa."

"Kuɗin na Alhaji ne?"

"Wannan ne ban sani ba, Mama. Kujerun da yake lodawa ba su kai haka ba."

Na shiga ɗaki na zauna bakin gado. Abin da ya tsaya mini ba kiran hukuma ba ne, ni tsohuwa ce, in an kira ni in je. Abin da ya tsaya mini shi ne, in kuɗin nan ya bi ta hannuna, mutum ɗaya ne a duniya zai san gaskiyar inda ya fito, kuma ranar da ya bukaci wani abu, ba sai ya ɗaga murya ba. Zai zo ne da dabino da turare, ya durƙusa, ya tuna wa babanku cewa sunan uwarsa ne a takarda. Ɗan da na haifa zai iya ƙin kowa, amma ba zai bari a kai ni gaban alƙali ba. Duk abin da aka ce ya sa wa hannu, zai sa, ko dutse ne ko rafi. Da ni za a ɗaure shi.

Na yi tunanin in kai wa Alhaji kayansa, sai na ga zai ce ina ruwansa, shi bai ba ni komai ba. Hanya ɗaya ce ta rage, kowace ambulan ta koma hannun da ya miƙo ta. Ku kuma ba ku san nauyin wannan ba. Mayar wa mace barkarta daidai yake da ce mata ba na son zumuncinki, kada ki zo nawa, ba zan zo naki ba. A garinmu ban taɓa jin wadda ta yi haka ba, ko tsakanin waɗanda ba sa ga maciji. Na gaya wa Maryam abin da zan yi, don ita za ta zauna da matan bayan na tafi. Hawaye yana zuba mata a kan zanen goyo, ta ce:

"Hajiya, ni ban ji ba, ban gani ba. Amma ga katin jirgi a kan firji."

Safiya biyu muka yi muna yawo ni da Maman Joy, bayan babanku ya tafi aiki. Fuskokin duk ina riƙe da su. Kowane gida in yi sallama, in gaisa, in yaba yara, in ajiye ambulan a kan tabarma in ce 'yata, na gode, Allah ya bar zumunci, amma wannan ta fi ƙarfina, ki mayar inda ta fito. Wata ta sunkuyar da kai ta karɓa. Wata ta fashe da kuka ta ce mijinta zai ce ita ta tona. Wata 'yar Kano mai baki ta miƙe tsaye ta ce:

"Lallai Hajiya! Mu ne matsiyatan da ba mu isa mu yi miki alheri ba ko? To a gaishe da matar Dakta."

Ta rufe ƙofa tun ban gama sa takalmi ba. Ban ga laifinta ba. Kunya ce ta yi mata yawa ta fito ta nan.

Kafin Asabar magana ta gama zagayawa. Ranar taro Maryam ta dafa shayi a babbar buta kamar kullum, mutum kaɗan suka zo, suka zauna jim kaɗan suka tafi. Alhaji Lawandi bai zo ba, bai kuma sake zuwa ba. Daga baya muka ji ya koma bayan wani daga ƙaramar hukumar da ke kusa da tamu. Zan faɗa muku gaskiya, ban taɓa kama Alhaji da wani laifi da zan iya nunawa ba, ban kuma ji an kama shi ba. Mai yiwuwa kuɗinsa ne na halal, yana gudun a san arzikinsa. Mai yiwuwa maganar yashi hira ce kawai. Har yau in na ji ƙarar babbar mota ta nufi bayan gari sai in kasa kunne, amma zato ne, ba sani ba. Abin da na sani tabbas shi ne abin da ya biyo baya a gidanku. Matan suka cire mamanku daga zaurensu na waya. Aka yi sunaye da walimomi ba a gaya mata ba. Sallar da ta zo, ita da Maman Joy, wadda ba Sallarta ba ce, suka ci tuwon su kaɗai. Ita ta biya abin da na yi, shekara da shekaru, ba ta taɓa yi mini gori ba. In kuna neman wanda za ku gode wa ko ku tausaya wa a labarin nan, ita ce.

Babanku kuwa ya yi kwanaki yana gaishe ni daga bakin ƙofa, ina kwana Inna, ina wuni Inna, ya juya. Ya ci gaba da kiran 'yan gida a waya, yana neman wanda zai ɗauki nauyin zagayen ƙauyuka da sunansa a fili. Waɗanda suka yarda a rubuta sunansu ba su da kuɗi, masu shi kuma ba su yarda ba. Albashin malami ba ya sayen takardar takara ya kuma ciyar da gida. Ana gab da arba'in, wata yamma ina tsince shinkafa a kicin, ya shigo ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, abin da rabonsa da yi tun yana sakandare. Ya ce ya sanar da su an rushe kwamiti. Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Bai ce amin ba. Ya dubi tiren shinkafar, ya ce:

"Inna, kin san na san abin da ke cikin ambulan ɗin?"

"Na sani."

"Na ce a raina in na hau zan gyara. Kowa haka yake farawa."

Na ci gaba da tsinta.

"Amma da kin tambaye ni tukuna, Inna. Gidana ne, mutanena ne. Da kin tambaye ni kafin ki fita."

Na ajiye tiren. Na dubi furfurar da ta fara fito masa a gefen kunne, wadda ban lura da ita ba sai ran nan.

"Da na tambaye ka, da ka ce in bari. Ni kuma ban taɓa iya ce maka a'a ba. Da na bari."

Ya miƙa hannu ya jawo tiren gabansa, ya fara tsince tsakuwa da yatsun da ba su saba ba, yana haɗawa da shinkafa mai kyau yana zubarwa. Na bar shi, ban gyara masa ba.